Ragon da Bai Isa Gidan Alƙali Ba

Ni ɗan makarantar Midil ne, a zamanin da ɗan Midil a Bauchi yake tafiya kamar an ba shi ajiyar garin. Da aikin En'e, wato hukumar gargajiya, ya ƙi samuwa, sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar kotun alƙali ina rubuta wa mutane takardun ƙara. Sana'a ce ta halal, har ranar da wani ya raɗa mini, "Malam, in na kawo 'yar gaisuwa za ka miƙa wa alƙali?" Na ce to. Zakara ne, na kuwa ci shi da tuwo. Mutumin ya yi nasara, don dama shi ke da gaskiya, ya tafi yana sa mini albarka.

Nan lissafin makaranta ya yi mini rana. Kowace shari'a mutum biyu ne, dole ɗaya ya ci. Sai na riƙa karɓa ta kowane ɓangare. Wanda ya ci ya gode, wanda ya faɗi kunya ta rufe masa baki. Alƙali kuwa ko gashin kaza bai taɓa gani ba.

Ana nan sai ga Buba, wani makiyayi daga bayan Tirwun, shanunsa sun shiga gonar mutane. Ya kawo mini rago. Da aka yanke cewa shi ke da laifi, sai ya miƙe cikin ladabi.

"Allah ya gafarta Malam, na yarda. Amma tunda ragon bai yi aiki ba, a maido mini abina."

"Wane rago?" in ji alƙali.

Buba ya waiwayo ya nuna ni da sanda.

Alƙali ya fusata, gemunsa har rawa yake. Nan take, ba tare da ya ji ta bakina ba, ya ɗaure ni shekara uku. A gidan yari na yi tunani: wanda aka ɓata wa suna shi ne ya zauna ya hukunta ni. Na roƙi takarda na ɗaukaka ƙara.

Babban alƙali ya karanta ya ce, "Ka yi gaskiya. Mutum ba ya alƙalanci a kan abin da ya shafe shi. Na soke hukuncin." Na fara murmushi. Ya ce, "Yanzu sai mu yi ta yadda ya kamata."

Abin da na gani ranar shi ya karya ni. Alƙalin nan da ya ɗaure ni ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da Buba a matsayin shaida, ya ce, "Na yi hukunci cikin fushi, kuskurena ne." Ni da na sayar da sunansa ban taɓa furta irin wannan ba. Da aka tambaye ni, na amsa laifina duka. Aka ba ni shekara biyu.

Na fito ana shirin bikin samun mulkin kai. Na fara zuwa gidan alƙalin da na ɓata wa suna neman gafara. Ya ce, "Na yafe. Koma tabarmarka, talakawa na buƙatar mai rubutu."

Samari, in alƙali ya kuskure, akwai na sama da shi, ku je da takarda da rana tsaka. Duk wanda ya ce muku ya san ƙofar baya, ku dube shi da kyau. Ni ne, kafin a ɗaure ni.