Ranar da Na Kifar da Jirgin Jidda a Gaban Inna

Tsibiri, ƙarfe biyar da kwata

Ana sallame sallar asuba na tayar da mota. In faɗi gaskiya, maƙwabtana biyu ne suka tura ta har bakin gudoro, wato titin kwalta, domin batirinta ya daɗe da gajiya. Sunana Habu, taksi nake ja tsakanin Tsibiri da Maradi, amma a wannan Laraba ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Jiratawa na nufa in ɗauko mahaifiyata, in kai ta unguwar Sabon Gari a Maradi, in tuƙa jirgin sama a gabanta.

Ga yadda abin ya samo asali. Inna ta fi shekara ashirin tana noman zogale da albasa a fadamar Jiratawa, abin da ta samu ta zuba a shanu, duk don kujerar Makka. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa kujera ta yi tsalle, sai da aka sayar da shanun kaf kafin ta samu. Abin da ya rage hotuna huɗu ne na faspo, da za a miƙa wa mai haɗa takardun maniyyata kafin azahar ta Alhamis, in ba haka ba a ba wani gurbin. Sai Inna ta ƙulle hotunan a haɓar zaninta ta ce ba ta hawa jirgi. Tashin bai dame ta ba, in ji ta, saukowar ce. "Abin da ya hi manyan motocin kamyo goma nauyi, wa ka sauko da shi a hankali?"

Ni kuma da shegen baki na ce mata jirgi ba komi ba ne, ni kaina duk Juma'a ina tuƙa shi. Baki shi ke yanka wuya. Ta ce, "To, ka tuƙa in gani."

Ba ƙarya zalla na yi ba. Laminu, ɗan alhajin da nake yi wa jigilar kaya, yana da na'ura mai ƙwaƙwalwa a bironsa, wato ofishinsa, a cikinta akwai wani wasa da ke koya wa mutum tuƙin jirgi kamar gaske. Sau uku na ɗaga jirgin. Ban taɓa sauke shi ba, kullum Laminu ke karɓa in an zo nan.

Shingen shiga Maradi, shida saura kwata

A bakin hanya na sha isansi, wato man fetur, lita biyar a kwalba, dala hamsin lita. Na san zai kai ni ya dawo da ni, domin na san gangarorin hanyar ɗaya bayan ɗaya. Duk direban da ke sayen mai daga aljihunsa ya san dabarar: in ka hango gangara ka zare giya, ka murɗa makulli inji ya mutu, mota ta tafi da kanta. Maigidana da ya koya mini tuƙi yakan ce gangara sadaka ce daga Allah, wanda ya ƙona mai a kanta ya yi butulci. Hannuna ya saba har ba ya neman izinina.

A shinge jandarma ya leƙo, ya ga kujeru wayam.

"Ina za ka da sassahe ba fasinja?"

"Jiratawa, ranka ya daɗe, in ɗauko tsohuwata."

"Yau yajin aiki ne, kuma akwai zanga-zanga. In ka wuce tara ba ka shiga tsakiyar gari."

Lokacin nan ne na jam'iyyu barkatai, yau a yi maci, gobe a rufe kasuwa. Na yi masa godiya na wuce.

Jiratawa, shida da rabi

Na tarar da Inna a shirye, tana zaune a tabarma da kwanon kwaɗon zogale a rufe, tsarabar mai masauki. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini faɗa ido da ido. Mai mota take ce mini.

"Mai mota ya iso?" ta tambayi ƙanwata Rabi, alhali ina tsaye a gabanta.

Rabi ta kawo mini koko da ƙosai, na kurɓi kaɗan na ajiye. Ta raka ni har ƙofa, ta rage murya. "Yaya, hotunan na nan a zaninta. Jiya ta ce in ta ga jirgin ya sauka lahiya za ta bayar. Don Allah kar ka kwafsa."

Muka kama hanya bakwai da minti goma, Inna a kujerar baya. 

Sabon Gari, takwas da minti goma

Ta lungu-lungu muka bi, domin an jera duwatsu a babbar hanya. Laminu ya tarbe mu a ƙofar biro, ya durƙusa ya gaida Inna, ya sa mata kujera mai taushi daf da gilashin na'urar. Sannan ya ja ni gefe.

"An ce za a ɗauke kuran, wutar lantarki, kahin goma, sau ɗaya kawai za mu samu. Ka ɗaga, ni in sauke."

Kunnen Inna ya fi na kowa. "A'a, ɗana," ta ce. "Kai ka yi karatun lakkwal har ƙasar waje. Shi dai da ya yi hwaɗi, shi za ya sauke."

Laminu ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya yi mini bayani a gaggauce. Jirgin da ke cikin na'urar tsohon yayi ne mai inji huɗu, irin na farko-farko marasa farfela da suka fara kwasar fasinja. Injinansa kamar tsoho ne da ya yi barcin rana, in ka bari suka kwanta sai ka ƙirga har takwas kafin su farka. "Wajen sauka ka rage wuta kaɗan-kaɗan, amma kar ka janye ta duka. Ka ji?" Na ce na ji.

Daga Yamai, tara saura minti ashirin

Gilashin ya nuna filin jirgi na Yamai a sama, a ƙasa agogo-agogo sun fi goma: na gudu, na tsawo, na mai. Hannun dama a kan sandar tuƙi, na hagu a kan maɓallan wuta. Na ba shi wuta, na'urar ta fara ruri, zanen titin ya fara gudu yana shigewa ƙarƙashinmu. A bayana na ji Inna tana karanta addu'ar shiga abin hawa. Allurar gudu ta kai inda Laminu ya sa mini alama da alli, na jawo sanda, ƙasa ta sake mu.

"Mun tashi, Inna," in ji Laminu.

"Na gani. Ai tashi ba wuya."

Da muka daidaita a sama Laminu ya danna wani abu lokaci ya riƙa gudu, tafiyar sa'o'i ta koma minti ashirin. Ƙasa launin rairayi ce kawai, babu gari babu itace. Inna ta shiga yi wa Laminu tambayoyi, tun da shi ya hau na gaske. Ina ake alwala? Ana buɗe taga? In mutum ya ji amai fa? Yana amsawa tana gyaɗa kai, har ta karɓi shayi. Na ji daɗi, amma na san abin da ke gaba.

Jidda, tara da minti goma

Teku ya bayyana shuɗi, muka ƙetare. Laminu ya mayar da lokaci daidai, ya sauke mini ƙafafun jirgin. Can ƙasa na hango titin sauka, siriri, miƙe, mu kuma muna sama muna zuwa masa a karkace. Wallahi abin da idona ya gani gudoro ne a ƙarshen gangara.

Ban san lokacin da hannuna na hagu ya janye wutar duka ba. Rurin ya mutu. Biron ya yi tsit, har raina ya yi sanyi irin wanda nake ji in mota ta kama gangara ba ta cin ko ɗigo. Sai allurar gudu ta fara zubewa.

"Ba shi wuta! Habu, wuta!"

Na danna da ƙarfi. Shiru. Ɗaya, biyu, uku. Hancin jirgin ya yi ƙasa, na jawo sanda, ya ƙara nutsewa. A biyar injinan suka fara gurnani, a shida muka daki rairayi, titin yana gabanmu kamar a miƙa hannu. Gilashin ya nuna tsagewa, da wani rubutun Turawa da ban buƙaci a fassara mini ba.

"A sake," in ji Laminu da sauri. "Inna, kowa na yin haka da hwarko." Bai rufe baki ba fanka ta tsaya, gilashin ya yi baƙi. Daga nesa muna jin ihun masu maci.

Na kasa juyowa. Shanu takwas nake gani ana kora su kasuwa, da shekara ashirin na ban ruwa, duk na binne su a rairayin Jidda.

Inna ta ajiye kofin shayi. "Ɗana, injin lalacewa ya yi?"

Laminu ya ce, "A'a, Inna. Habu ne ya janye wutar."

"Direban jirgin gaske, daga aljihunai shika sayen mai?"

"A'a. Masu jirgin ke zubawa."

Ta ce "Hm," ta miƙa masa kwanon zogale, ta sa masa albarka.

Komawa Jiratawa, biyu da kwata

Sai bayan azahar aka kwashe duwatsun hanya. Kuran bai dawo ba. A gidan su Laminu an kawo shinkafa da miya, Inna ta ci sosai, ni ko loma uku ban yi ba. Daga nan muka shiga mota.

Kafin Jiratawa akwai gangarar da ke sauka fadama. Muna kawowa kanta na zare giya, hannuna ya tafi makulli.

"Bar shi."

Na bar shi. Na mayar da giya, muka sauka inji yana kuka. Ta madubi na ga fuskarta tana wajen taga, da gonakin take magana.

"Shekara goma sha ɗaya ina shiga motarga. Duk sanda munka kawo nan ta yi shiru, sai in riƙe kalmar shahada har mu kai ƙasa. Ni na ɗauka duk abin da ka sauka haka shika sauka, a mace. Na ce in motar da ke bisa ƙasa haka take, ina ga abin da ke sama? Ashe rowar mai mota ce."

Kunya ta rufe ni. Shekara goma sha ɗaya ina tsorata uwata don in tsira da rabin kwalba, ita kuma alkunya ta hana ta faɗa mini.

A ƙofar gida ba ta fita nan da nan ba. Ta kwance haɓar zani, ta ajiye hotuna huɗu a kujerar gaba. "A kai wa mutumin yau, kar a jira gobe."

Tsibiri, bayan magariba

Biyar saura kwata na miƙa hotunan, mai haɗa takardun maniyyata ya sa su a takardunta a gabana. Daga nan na kama hanyar gida, ban kashe inji a gangara ko ɗaya ba. Lita biyar ɗin nan da gangara na auna su, saboda haka saura kilomita ɗaya in shiga Tsibiri mota ta yi tari ta tsaya. Wasu manoma biyu da ke dawowa daga gona suka kama mini, muka tura ta har ƙofar gida.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Laminu da ya ba mu kujera da shayi, da manoman nan da ban ko tambayi sunansu ba. Inna ta je Makka ta dawo. Ranar da muka tarbo ta, Rabi ta tambaye ta yadda saukar ta kasance. Ta ce, "Lahiya lau. Ki gaya wa mai mota, injin na ruri har munka taɓa ƙasa."