Faifan da Auta ya kawo min in saurara

Kashe wayar nan, jikalle, ki ji labarin ƙanena, Auta. Wannan faifan da kika ciro daga ƙasan akwatina nasa ne.

Auta a injin niƙa ya yi aiki tun yana saurayi. A nan bel ɗin injin ya fizge masa ƙaramin yatsan hagu. Amma duk da haka jita yake kaɗawa, irin mai wayar lantarki, shi da abokansa huɗu a garejin wani makanike. Rok suke ce wa kiɗan. Ni kuwa nakan ce masa, "Auta, wannan ai kwanon rufi ne iska ta ɗebo." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kunnenki bai yi makaranta ba."

Ɗakinsa bango ɗaya da nawa. Shekara bakwai ina jin jitar nan. Da yake yatsa babu, sai ya riƙa jan hannun a kan igiyar, ta yi wani ƙiii kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Ko cikin taron dubu zan gane shi.

To, wata rana aka kwashe su zuwa inda ake ɗaukar sauti. Kwana tara ya yi. Ya dawo yana ta tsalle. Bayan nan abokan suka koma ɗaukar sautin ba shi, wai kunnensa ya fara nauyi, yana kauce wa ganga. Injin ne ya cinye kunnen. Kafin faifan ya fito, ko a bayansa ka fasa tulu ba zai waiwaya ba.

Faifai ya fito, gari ya ɗauka. Rediyo yabo, masu jarida yabo, wai an yi shekaru ba a yi kamarsa ba. Hoton mutum biyar ne a jiki, na biyar ɗin baƙo. Amma makaniken nan ya rantse wa Auta cewa ba a goge kiɗansa ba, yana ciki. Abin da ya riƙe ke nan.

Da rana tsaka ya shigo min da faifan da injin sa shi, garin niƙa duk a gashin idonsa. Ya ce, "Yaya, ke kin san hannuna. Saurara ki gaya min a waƙa ta nawa nake."

Na ajiye wankina na zauna. Waƙa takwas ce. Ta farko hayaniya, kamar ana faɗa a maƙera. Ta biyu haka. Ta uku kuwa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mai waƙar ya sauke murya kamar mai lallashin mara lafiya, ganga na bin sa a hankali. Na ce a raina lallai masu yabo ba su yi ƙarya ba. Shi kuma idonsa a kan bakina. Duk waƙar da ta ƙare sai ya ɗaga gira, in girgiza kai.

Har ta takwas ta ƙare ban ji ƙiii ɗin nan ba. Jitar tsaf take, kamar an goge ta da tsumma.

Na dubi fuskarsa, na kasa gaya masa gaskiya. Na yi kamar yanzu na tuna, na ɗaga masa yatsu uku. Na ce, "Ta uku! Wadda ta fi daɗi!"

Ya mayar da allura kan ta uku, ya durƙusa, ya manna tafinsa a jikin lasifika, ya rufe ido. Ina ganin leɓensa yana ƙirga. Bai kai rabi ba ya janye hannun.

Ya ce, "Yaya, wannan yatsunsa cikakku ne."

Na fara rantsuwa, ya ɗaga min hannun nan mai yatsa huɗu. Ya ce, "Da daɗi dai?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To madalla," ya karkaɗe wandonsa ya koma inji, akwai masu jiran niƙa.

Bai sake tambayata komai a kan kiɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a injin kafin ya rasu. Jitar a rataye ta yi tsatsa.

Mayar da faifan inda kika ɗauko. A'a, kar ki sa.