Layin da Ke Ɓace Mini

A zumuntar mata ta cocinmu a Narayi, ni ce mai ba da layi. Yawancin iyayenmu da suka taso a ƙauyukan Filato da Nasarawa ba su yi boko ba, don haka in za a yi waƙa sai mace ɗaya ta miƙe da littafi, ta karanta layi da ƙarfi, sauran su ɗauka su rera, kafin su sauke ta jefa musu na gaba. Aikin yana son ido mai sauri. Tun ina amarya aka ɗora mini shi, saboda na yi sakandare, kuma Allah ya ba ni muryar da ba ta neman lasifika. Ina ji da wannan aiki, ba kaɗan ba. Mijina ma yakan tsokane ni, wai ko yara zan kira cin tuwo sai na gyara tsayuwa.

Abin ya shigo ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Duk kalmar da na kafa wa ido ina ganinta tas. Amma in na kai ƙarshen layi na koma hagu neman farkon na gaba, sai in tsinci kaina a wani wuri, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan wanda na riga na bayar. Na ɗora wa fitilar coci laifi. Na ɗora wa masu buga littafi, na ce sun matse rubutu don rowar takarda.

Da abin ya ishe ni, sai na je wajen wani malam mai baza tabarau a tire a bakin kasuwar Makera. Yana da guntun jarida da yake gwada mutane da shi.

"Madam, sa wannan," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan wata kalma. "Me aka rubuta nan?"

Na karanta masa ba gargada.

"To kin gani? Idonki garau. Girma ne kawai, kowa da lokacinsa."

Na dawo gida da murna. Ni da shi ba wanda ya lura cewa yatsansa ne ya nemo mini kalmar, alhali nemo ta shi ne abin da ya gagare ni. Rashin sani ya fi dare duhu. Na daɗe ina canza tabarau ina ƙara lamba.

A gidan makoki asirina ya tonu. Wata 'yar zumuntarmu ta rasa mijinta, muka je yi mata waƙar ta'aziyya. Ana tsakiyar baiti na farko na tsallaka, na jefa musu layi daga baiti na uku. Rabin matan suka bi ni, rabi suka bi abin da suka sani. Tsohuwar da ke buga mana tulu ta ɗaga hannu ta tsaya, waƙa ta watse. Matar mamacin ta ɗago kai ta dube ni da jajayen idanu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

'Yata ce ta ja ni asibitin ido. Aka sa na leƙa cikin wata na'ura, aka ce duk sanda na ga ɗigon haske in danna maɓalli. Na zauna ina jira, har na ce wa ma'aikaciyar ko injin ya lalace ne. Ashe hasken yana ta walƙiya a gefe, ni ce ba na gani.

"Mama, wannan ba yanar ido ba ce da za a cire," in ji likita. "Hawan jinin ido ne. Daga gefe yake cin gani, shi ya sa mutum ba ya farga da wuri. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai taimaka mana mu tsare saura, in kin riƙe shi ba fashi."

Na koyi dabara. Ina ɗora baƙin kwali a ƙarƙashin layi, yatsan hagu yana tsare mini farkonsa, in bi a hankali ina juya kai. Ina karantawa, amma tulu ba ya jiran mai lalube. Wata Alhamis na miƙa littafin ga wata matashiya, malamar firamare, na je na zauna kusa da mai tulu. Na ce a raina ba komai, yau dai zan rera kamar kowa.

Aka ɗauko waƙar da kowa ya sani, wadda ba a ko jiran layi. Na buɗe baki, na yi kalma uku, sai na rasa sauran. Tsohuwar ta harare ni tana bugu.

"Ke kuma fa? Waƙar da kika ba mu tun kafin a haifi yarinyar can?"

"Mama, ban taɓa rera ta ba," na ce. "Kuna rerawa, ni ina can ina neman layi na gaba."

Sai da na faɗa na ji gaskiyarsa. Duk waƙoƙin nan ta bakina suka bi suka zauna a kawunan wasu, ni ban riƙe ko ɗaya ba, don na ɗauka takarda za ta ci gaba da riƙe mini.

Yanzu kowace safiya in na ɗiga magani, sai in fitar da kujera tsakar gida inda haske ya fi, in ɗora kwalina, in karanta baiti ɗaya, in rufe ido in maimaita har ya zauna. Kan tsufa ba ya kamawa da sauri, wani baitin sai ya kwana ya gudu. Littafin kuma da kauri. Ban san wanda zai riga ƙarewa ba, shi ko idon.