Wa ke kai wa tafki ruwa?

"Ina tulunan ruwanmu?" in ji Umma, muna gama kafa tanti a bakin bahar, wato teku.

Zafin Makka ne ya koro mu daga unguwar Misfala a akori-kurar maƙwabci, can shekarun sittin. Ashe ƙaninta Kawu Bukar, da bai daɗe da zuwa daga Chadi a jirgin sama ba, ya sauke tulunan ya ɗora katifarsa.

"Haba Yaya, wa ke kai wa tafki ruwa? Na Chadi muka sha muka girma."

Ya kamfata ya kurɓa, ya tofar. "Wa ya zuba gishiri?"

Ko shayi ba a dafa ba muka juyo, maƙogwaro a bushe, shi kuwa yana kishingiɗe bisa katifarsa yana kushe tafkin mutane.

Har yau abin na ci mini rai. Ku wane Kawu Allah Ya haɗa ku da shi?