Makullin Jif Ɗin Baba

Babanmu malamin dabbobi ne har ya yi ritaya. Jif ɗin da yake shiga rugage da ita a zamanin aiki ita ya saya da aka yi gwanjon tsofaffin motocin ma'aikata. Koriya ce da can, rana ta cinye fentin ta koma ruwan toka, kuma ƙofar fasinja sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Amma lakar fadamun Katagum ba ta taɓa riƙe ta ba. Ko bayan ritaya makiyaya ba su daina sallama a ƙofar gidanmu ba idan saniya ta kwanta, shi kuma ba ya cewa a'a.

Ni ne auta, ina koyarwa a wata sakandare a Azare, kuma ni kaɗai na rage a gida tare da su. Saboda haka ni na fara lura da idonsa. Sai ka tsaya a gefensa kana magana, ya juyo a firgice kamar daga sama ka faɗo. Likita ya ce hawan jinin ido ne: abin da ke gabansa sosai yana gani, amma ganin gefe ya tafi kuma ba zai dawo ba. Ya ce ya bar tuƙi. Baba ya ce to. Muna fitowa ya miƙo mini hannu, na sa masa makulli.

A farkon daminar da ta biyo baya muka je ta'aziyya Katagum, shi ke tuƙi ina gefe. A hanyar dawowa wani manomi ya fito da amalanke daga gona ta hannun dama, matarsa na zaune a kan buhuna. Tun daga nesa na gan su. Na jira Baba ya sassauta, bai sassauta ba. Sai da na yi ihu na fizgi sitiyari, motar ta sauka daga titi ta daki bakin kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo. Matar ta yi ta salati, shanun suka tsaya suna huci, ruwan lagireto na tsiyaya a ƙasa. Baba ya fito ya zagaya motar, ya ce wa mutanen da suka taru, "Birki ne ya ƙi." Ni kuwa ƙafarsa nake kallo a lokacin, na san ba ta matsa ba.

Aka ja motar zuwa garejin bakanikensa na tun fil azal, wani dattijo da iyayensa suka zo daga Barno. Da yake mu Fulani ne, ba sa haɗuwa da Baba sai sun tsokani juna. Ranar dai bai yi wasa ba. Ya bari Baba ya tafi gida, sannan ya kira ni ƙarƙashin inuwar da yake aiki.

"Ɗana, na duba birkin nan. Lafiyarsa ƙalau."

Na ce na sani.

"Ƙafar gaba ta karye, lagireto ya fashe. Na yi magana da mutumin kudun nan mai kayan gyara, ya ce zai samo daga Kano. Gyaruwa za ta yi. Abin da ban sani ba, in na gyara, wa zai hau?"

Da na faɗa wa Yaya, babban wanmu da ke aiki a Kano, bai ɓata lokaci ba. Ya ce a waya, "Ka ce wa bakaniken ya ce ta mutu. A kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su yanka, magana ta ƙare. So kake sai ya taka ɗan wani?" Na kai wa dattijon saƙon, ya girgiza kai. Ya ce zai iya jan ƙafa, ya ce kaya ba su iso ba tukuna, tunda da ma ba su iso ba. Amma ba zai dubi mutumin da suka tsufa tare ya ce masa mota ta mutu alhali ba ta mutu ba.

Inna kuma nata tsoron daban ne. Tana tankaɗe ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "In kuka raba shi da motar nan, tabarma zai kama. Shi ba mazaunin majalisa ba ne, ba shi da hira sai ta shanu. Ni ban ce a gyara ba, ban ce a sayar ba. Ina dai gaya maka."

Na rasa inda zan sa kaina. Ina tsaye a gaban allo, in na ji hon daga titi sai in waiga wajen taga, duk da na san motar na gareji a kan duwatsu. Matar nan ta kan buhuna ba ta bar idona ba. Idan kuma na dawo gida sai in tarar da Baba a zaure ya sa hularsa ta fita, jakar alluransa na gefe, ya tambaye ni ko kayan sun iso. In ce ba su iso ba. Wata rana wani makiyayi daga wajen Disina ya zo, suka yi ta magana da Fillanci, Baba ya kwatanta masa magani ya sallame shi. Bayan tafiyarsa ya daɗe yana kallon ƙofa, abincin rana ma bai ci ba.

Da kayan suka iso, dattijon ya aiko mini cewa ba sauran abin da zai fake da shi. Bayan la'asar na sami Baba a zaure, na zauna a ƙasa.

"Baba, maganar motar nan ce. An duba birki, ba abin da ya same shi. Ba ku ga amalanken ba ne."

Ya ce, "Yayanka ne ya turo ka?"

"A'a. Ni ne a gefenku. Ina tsoron ranar da ba kowa a gefenku."

"Kai na koya wa riƙe sitiyari."

"Haka ne, Baba."

"Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Na yi ta tunanin ko da na bi shawarar Yaya da ya fi, domin da haushin mota zai ji ba nawa ba.

Ana haka, wata safiya ina aji bakaniken ya kira ni. "Bar abin da kake yi ka zo. Babanka na nan, ya zo da 'yan gwangwan." Na bar yara da aiki na hau acaɓa. Na tarar da mutum biyu sun sauke tukunyar gas da abin yankan ƙarfe, ɗaya na ƙwanƙwasa bodin motar yana auna nauyinta da ido. Baba na tsaye ya dogara da sanda, ya juya mata baya.

Ya ce, "Ai abin da kuke so ke nan. Ku yanka."

Ni da na yi ta fatan a rabu da ita, sai na ji ba zan iya kallon a yanka ta ba. Na duƙa a gabansa na ce, "Baba, a gyara. Ni zan riƙa kai ku. Ranakun da ba makaranta, da kowace yamma in an tashi. Amma makulli a wurina zai zauna."

"Kai? Da ko giyar laka ba ka iya sawa ba?"

Bakaniken ya ce, "To Bafillace, ai sai ka koya masa. In ya so in ya kasa ku hau bijimi, da ma shi kuka gada."

Baba bai yi dariya ba, amma ya ɗaga sanda ya nuna masu yankan, ya ce su kwashe kayansu. Suka tafi suna gunaguni. Yaya ya yi faɗa sosai da ya ji, ya ce na ɗauko wa kaina abin da ba zan iya ba. Wataƙila yana da gaskiya.

Fitarmu ta farko wata ruga muka je a bayan Gololo, kuma na kafe a laka tun kafin mu hango bukkoki. Baba ya yi ta ba ni umarni daga kujerar fasinja, "Kada ka ba ta wuta! Koma baya a hankali. Karya hagu, na ce hagu!" har ta fita. A rugar ya durƙusa ya shafa cikin saniyar, ya buɗe bakinta ya shinshina, ya faɗi ciwonta. A hanyar dawowa ya yi mini hira, karo na farko tun ranar zaure.

Har yanzu haka muke. Makullin yana aljihuna ko ina aji, nakan taɓa shi in tabbatar. Makiyayan da suka zo da hantsi sai su jira ni, wani lokaci dabbar ba ta kaiwa yamma, kuma ranar ba na iya haɗa ido da shi. Kwanan baya bakaniken ya tare ni a kasuwa ya ce Baba ya tambaye shi, cikin wasa, inda ake yanka makullin tsohuwar mota irin tasa. Ya ce bai gaya masa ba. Tun daga nan, in na karyo kwanar layinmu, wuya nake miƙawa in ga ko ƙofar garejin gidanmu, inda jif ɗin ke kwana, a rufe take.