Ƙafar Hagun Baba Tela

Idan ka ga wani dattijo ya fito daga ƙaramar mota mai ruwan toka, ƙafar hagu da takalmi, ta dama kuwa fayau, kada ka yi saurin tausaya masa. Ba sata aka yi masa ba, kansa kuma ƙalau yake. Baba Tela ke nan, haka yake tuƙinsa.

Shagonsa ɗan mitsitsi ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. In ya miƙa hannun dama ya taɓa bango, in ya miƙa na hagu ya taɓa mai kawo ɗinki. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, a kan wani baƙin keken ɗinki mai feda, irin wanda ake takawa da ƙafa biyu. Kullum da safe sai ya tuɓe takalmansa ya jera su a ƙarƙashin benci, ya ɗora ƙafafu a kan feda, ba ya sake waiwayar takalman sai an tashi. Ƙafafun nan sun fi shi haddace dokar: in babu takalmi aiki ne, in an saka takalmi an tashi.

Ƙofar shagon titi take kallo, Baba Tela kuma motoci yake kallo. Hannunsa na kan yadi, amma ransa ya daɗe da shiga mota ya bar unguwar. Teburin keken shi ne gaban motar, layin ɗinki shi ne titi, miƙaƙƙe sambal, ba rami ba mai tsayar da mutum. In ya zo kwanar aljihu sai ya rage gudu, har da ɗan karkata kai. In ya samu doguwar ƙafar wando kuwa, sai ka ga hannun damansa ya sauka gefe ya cafki iska, ya tura ta gaba, ya jawo ta baya. Giya yake sawa.

Mai aski yakan leƙo ya ce, "Baba, yau har ina aka kai?"

"Bari kawai, maƙwabci. Cunkoso na tarar a wuyan riga."

Abin yana da asali. Suna sabon aure, shi da Inna, wata bas ta bi da su ta kan wani tudu a bayan gari. Daga can sama ana ganin rufin gidaje gaba ɗaya, ga kuma wani ruwa kwance a bayansu yana ƙyalli kamar an shimfiɗa sabon yadi. Inna ta manna fuska a taga ta ce don Allah a ɗan tsaya. Direban ya ce shi ba yawon buɗe ido ya fito ba. Baba Tela, a lokacin gashin bakinsa baƙi ƙirin, bakin kuma kamar zuma, ya sunkuya ya raɗa mata, "Rabu da shi. Ni zan kawo ki nan a motata, mu tsaya har sai kin ce ya isa."

Daga nan yara suka fara isowa, kowanne da bakinsa da littattafan makarantarsa, motar ta yi ta jira a cikin kan Baba Tela. Can ciki ba ta tsatsa, ba ta shan mai. Ta yi ja, ta yi kore, wata shekara har rufinta buɗewa yake yi. Giyarta ce kaɗai ba ta taɓa canzawa ba: ta hannu ce, mai dunƙulallen kai, baƙi, mai santsi kamar ƙwai.

Ana nan sai idon Inna ya fara dishi-dishi. Da farko zare ne ya ƙi shiga mata allura. Daga baya ta fara gaida rigunan da aka rataye a ƙofar shago, har tana tambayarsu mutanen gida. Likita ya ce abin zai yi ta ƙaruwa ne a hankali. Autarsu, wadda take aikin jinya, ta ce a ɗauki tasi a kai Inna tudun nan tun idon yana da saura.

Inna ta ce, "Tasi ce ta yi mini alkawari?"

Shi ke nan 'ya'ya suka haɗa kai za su saya wa tsohonsu mota, ko da wadda wani ya mora ce. Auta ce ta kawo maganar shago, ta ture tarin yadi ta zauna a bakin benci.

"Baba, otomatik za a saya maka. Birki da totur kawai, ita take canza wa kanta giya."

"Ita take canzawa? To ni mene ne aikina a ciki? Fasinja mai riƙe da sitiyari?"

"Gwiwarka fa, Baba."

"Gwiwar tawa ce ta kai miki ƙara?"

Gwiwar hagun nan kuwa ta daɗe tana kai ƙara wa duk unguwa. In ya miƙe sai ta ce ƙas, har mai gyaran waya ya duba ƙasa ko wani abu ne ya faɗi. Amma Baba Tela ya kafe, manuwal mai giyar hannu ko ya ci gaba da tuƙa wando. Aka tsayar da magana a kan ya fara koyo tukuna, wadda ya iya ita za a saya.

Mai koyar da shi wani siririn saurayi ne da ake kira Taka-Sannu, don ko gaisuwa zai yi da kalmar yake farawa. Motocin koyo biyu gare shi, kowace iri ɗaya, da wani fili a bayan makaranta inda babu abin bugewa sai tuƙar ciyawa. Baba Tela ya shiga manuwal, ya tuɓe takalma ya tura su ƙarƙashin kujera, ya shafa kan giyar kamar mai gaida jariri.

Abin mamaki, motar ba ta mutu masa ba. Ƙafar hagu na sakin kuloci, ta dama na danna totur, wannan ta ɗaga waccan ta sauka, abin da suka yi ta yi a kan feda tun kafin a haifi Taka-Sannu.

"Kai, Baba! Ka taɓa tuƙi ka ɓoye mini."

"Na fi shekarunka ina tuƙi, ɗana. Titin ne dai ban taɓa hawa ba."

Ranar ji ya yi filin ya buɗe ya zama yadi marar iyaka, shi kuma allura, yana ratsa shi yana barin layi a bayansa. Ya sa giya ta biyu, ya ji ta shiga daram, kamar maɓalli a raminsa. Da ya koma gida Inna ta ce tun daga ƙofa take jin murmushinsa.

Fili dai fili ne. Ran da suka fita titi, sai suka zo wani ɗan hawa kusa da tashar motoci, wata babbar mota ta tsaya cak a gabansu. Taka-Sannu ya ce ya danne kuloci ya jira. Ya danne. Babbar motar ta ƙi gaba, gwiwa ta fara rawa, rawar ta zama makyarkyata, can ta ce ƙas ta saki. Mota ta yi tsalle ta mutu. Cikin ruɗewa ya ɗaga ƙafa daga birki, sai suka fara sulalewa da baya, a hankali, kamar a mafarki, mai baro na ihu a bayansu. Taka-Sannu ya fizgi birkin hannu.

Mota ta tsaya. Can saurayin ya ce, "Baba, wannan fa ɗan tudu ne. Jikan wancan na bayan gari ne."

Baba Tela ya juya kai. Kujerar gefensa yake kallo, yana ganin Inna a kanta, fuska manne da taga, gari yana gudu da baya.

Kwanakin da suka biyo, hannunsa bai sake cafkar iska a shago ba. Mai aski ya leƙo ya tambayi inda aka kai, ya ce masa mota na gareji. Sai wata safiya ya kira Auta a waya, ko gaisuwar kirki babu, ya ce, "A kawo taku mai tunani da kanta ɗin."

Ya shiga otomatik, ya tuɓe takalma kamar kullum. Ƙafar hagu ta ga an tuɓe ta, ta ce to, aiki. Ta laluba babu kuloci, sai ga wani faffaɗan birki yana zaman banza. Ta dama na danna totur, ita kuma ta rama a kan birki. Mota ta yi gaba, cak, gaba, cak, kamar ɗinkin ɗan koyo. Goshin Taka-Sannu ya gaisa da gilas.

"Baba, taka sannu! Ƙafar hagu ta yi ritaya, ka manta da ita!"

"Kai ka gaya mata, ni ba ta jin maganata."

Aka lanƙwashe ta a ƙarƙashin kujera, ta sulalo ta dawo. Aka dafe gwiwar da hannu, yatsun suka miƙa da kansu. Ga manuwal da ƙafa ke so gwiwa ta gaza, ga otomatik da gwiwa ke so ƙafa ta ƙi. Idon Inna kuwa ba ya jiran kowa, don a satin ma ta zuba wa Baba shayi a kan tebur, kusa da kofi.

Rannan ta ce a kai ta filin ta ji abin da ake yi. Auta ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a kujerar baya. Gaba, cak. Gaba, cak. A girgiza ta uku wani abu ya zamo daga ƙarƙashin kujerar direba ya bugi ƙafarta. Ta sunkuya ta laluba.

"Malam, takalmanka ne nan?"

"Su ne."

"To ai kai ka ce mata a shago take." Ta shafa su ta ware na hagun, ta miƙa masa ta saman kafaɗa. "Saka mata, ta san an tashi."

Taka-Sannu ya tuntsire da dariya. "Inna, ƙafa kuma tana da kunne?"

"Yaro, ni na san ta tun tana budurwa."

Baba Tela ya saka takalmin. Ƙafar ta ɗan motsa a ciki, ta juya, ta lafe a gefe kamar kyanwar da ta ƙoshi. Mota ta tashi sumul, ta zaga filin, ta sake zagawa, goshin Taka-Sannu yana zaman lafiya.

Otomatik aka saya, mai ruwan toka. Da takardar tuƙi ta fito, wata rana da la'asar ya rufe shago tun mai aski bai gama shara ba. Ya buɗe wa Inna ƙofar gaba, ya zagaya ya zauna, ya tuɓe takalmi ɗaya.

Tafiyar dai, har mai keke ya wuce su yana yi musu sannu. Na baya suna ta danna hon, Baba Tela yana ɗaga musu hannu, a ganinsa gaisuwa ce. Da suka fara hawan tudu ya ji motar ta yi nishi ta canza wa kanta giya, ko shawararsa ba ta nema ba. Abin ya ɗan sosa masa rai. Hannun damansa ya sauka gefe da kansa yana neman dunƙulallen kan nan na mafarki, sai ya faɗa a kan hannun Inna.

"Malam, a titi muke fa."

Amma ba ta janye ba. Ya ɗan tura hannun gaba a hankali.

"Giya ta uku," in ji shi.

A can sama ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Inna ta sauke gilas, iska ta shigo tana kaɗa bakin mayafinta. Ta daɗe tana kallo, tana ƙanƙance ido.

"Gidajen sun narke mini, duk sun zama abu ɗaya," ta ce. "Amma ga ruwan can. Ga shi can, Malam, yana ƙyalli."

Bas ta zo ta wuce su a guje, cike da mutanen da ba za a tsaya musu ba. Rana ta ƙara sunkuyawa, ruwan ya koma launin zinariya. Baba Tela ya gyara zama.

"Ya isa?"

"Ka ji na ce?"

Ya jingina kai da kujera. Can ƙasa ƙafar dama, ita da ba ta da takalmi, tana ɗan taka iska a hankali. Ta hagu kuwa tuni ta yi barci.