Ranar da Haruffa Suka Zube

Jiya a wani shagon gwanjo a Catford na ga tsohon modem, na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho, sai Baba maƙwabcinmu na Thamesmead ya faɗo mini a rai.

Ina ɗaliba, ta layin tarho nake shiga kwamfutar jami'a daga flat ɗinmu. Ana gobe zan miƙa aikin digirina, na buɗo shi a allo. Layukan farko lafiya lau, daga nan haruffa suka fara zubewa, kalmomi duk giɓi. Na fashe da kuka.

Baba, tsohon injiniyan tarho, ya jiyo kukana ya shigo yana ƙamshin man zafi. Ya ce in sake kira, ya rufe ido kamar yadda ya saba, yana sauraron kukan modem ɗin.

"'Yata, layinki ƙalau yake. Kwamfutar jami'a na ta zuba, taki ta cika, kuma ba ta da bakin cewa dakata."

Ya kunna abin da ya kira flow control. Rubutun ya taho, ya tsaya ya numfasa, ya ci gaba. Ko wasali bai ɓace ba. Washegari na miƙa aikina cikakke.

Allah ya yalwata kabarinka, Baba, ya sassauta maka tambaya.